Sai gobe, sey jaŋngo: wa ke da wannan kalma?

A arewacin Kamaru, daga Ngaundare har Kusiri, da wuya mutum biyu su rabu ba a ji ta ba. Bahaushe ya ce "sai gobe", Bafulatanin Marwa ya ce "sey jaŋngo", Babarbare ya ce "sai bali". Harsuna uku ne da ba su haɗa kaka ba. Hausa tana cikin dangin da masana suka laƙaba wa sunan Tafkin Cadi, Fillanci ɗan'uwan Serer ne da Wolof na can Senegal, Barbarci kuwa 'yan'uwansa suna cikin Sahara wajen Tubawa. Kowanne ya riƙe tasa kalmar ta gobe, amma abin da ke gabanta ɗaya ne.

Da a sallama kaɗai abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Tun da maganar koyar da harsunanmu a makaranta ta fara kankama, 'yar kalmar nan ta zama abin jayayya tsakanin masu karatun cikinmu. Gefe guda akwai samarin Fulani masu kishin harshe, waɗanda suka soma karanta rubutun Fulanin Futa Toro da Futa Jalo, can Senegal da Gini, a waya, suka duba ba su ga "sey" ba, suka yanke cewa baƙuwa ce, a fitar da ita daga littafin yara. Ɗaya gefen kuma mu ne Hausawa, masu zama a majalisa muna cewa ai Fillancin Garwa rabinsa Hausa ne, ga "sey", ga "doole", ga "diga", ga "sannu", muna lissafi muna taƙama. A ganina duka biyun tuntuɓe ɗaya suka yi: sun ɗauka inda kalma ta fito shi ke nuna mai ita. Ana cikin wannan ja-in-ja kuma, ainihin ɓarnar da ake yi wa harsunan biyu tana can wani wuri dabam, ba mai waiwayarta.

Bari a fara sanin abin da ake rigimar a kansa. Aikin "sai" na farko togaciya ne. Ka kore komai, ka bar guda: babu kowa a gidan sai Goggo. Abin da malaman zaure ke kira harafin istisna'i ke nan, shi ya sa duk mai fassara kalmar shahada, da ya zo kan "illa", ita ce ke zuwa bakinsa: babu abin bautawa da gaskiya sai Allah. Daga nan Bahaushe ya ga ba lallai ne ya riƙa furta korewar ba, tunda mai sauraro ya san da ita. Ina labari? Sai alheri. Yaya aka ji da rashi? Sai haƙuri. Rabin jimlar ya faɗi, ma'ana ba ta ragu ba. Kalma ce da ke rufe duk ƙofofi ta bar ɗaya a buɗe, kuma wanda ya riƙe wannan, sauran ayyukanta ba za su ruɗa shi ba. Sai gobe: haɗuwarmu ta ƙare, gobe kaɗai ta rage. Sai ka biya: ba wata hanya, ga dole ta fito ba tare da an ce dole ba. Ko a tatsuniya haka ne. Gizo yana zaune bakin rafi, sai ga kura. Cikin duk abin da zai iya faruwa, wannan ne ya faru.

Inda gwanintar take shi ne abin da ke biyo bayanta. Ɗauki aikatau ɗaya, "zo", ka saurara. Sai sun zo: ba a fara komai ba, su ake jira. Sai suka zo: labari ne, an wuce wurin. Sai su zo: ko dai izini ne, ko kuma al'ada ake bayyanawa, kamar a ce kullum da la'asar sai su zo su zauna. Sai da suka zo: an daɗe ana jira kafin abin ya yiwu. Sai dai su zo: ni kam ba inda za ni. Ba sai sun zo ba: su yi zamansu, an hutar da su. Yaro ɗan shekara 5 a unguwar Hausawa ta Garwa ba ya kuskuren waɗannan. Baƙon da ya koyi Hausa da girmansa kuwa yakan daɗe yana cewa "sai sun zo" inda yake nufin "sai suka zo", ya bar mutane suna jiran baƙin da tuni suka ci suka wanke hannu suka tafi.

Tana da abokiyar tafiya, "har", da mutane ke ɗauka aikinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Har tana bin abu ta kai shi iyaka, ta haɗa da iyakar. Sai tana hana abu, ta sake shi a iyakar. Zan jira har Juma'a, ina nan zaune duk kwanakin. Ba zan zo ba sai Juma'a, kada ma ka neme ni kafin nan. Kowa ya ci har Audu, an cika da shi. Babu wanda ya ci sai Audu, shi kaɗai ya amfana. In aka so a ɗaure magana tamau, a gwama su: ba zan tashi ba har sai an biya ni.

Ga kuma tarkacen da ta tara a bakin jama'a. "Sai ka ce sarki" kwatance ne. "Sai me?" tsiwa ce. "Yaron nan sai ci" ƙorafi ne. "Sai da na ce kada ka je" gori ne. "Sai kai!" kirari ne. In ka tambayi mai jinya yaya jiki ya ce "sai a hankali", ka san a ƙara addu'a. Karin maganarmu ma da yawa a kanta suka tsaya: ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ba banza ba Bajamushen nan Johannes Lukas, wanda ya yi aiki a kan Barbarci da harshen mutanen bakin kogin Logon, ya keɓe mata maƙala sukutum a 1955, Ba'amurke Charles Kraft ya sake komawa kanta a 1970.

To, me Fillancin nan namu ya ɗauka? Kusan duka. "Walaa goɗɗo sey Buuba", babu kowa sai Buba. "Sey yeeso", sai gaba, wato sai an jima. "Sey to", sai idan. "Sey mi dilla", sai in tafi. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Fulani a Diyamare, yankin da Marwa take, ya ji tsohuwa tana ba jikoki tatsuniyar fowru da jiire, kura da kurege, ya san "sey" ce ke jan labarin daga nan zuwa can, daidai yadda take yi a bakin kakanninmu. Abin da ya fi burge ni shi ne Fillanci bai haɗa da nahawun Hausa ya ara ba. Bambancin da mu muke yi a wakilin suna, su da suka, shi ya kai shi ƙarshen aikatau, inda ya saba ajiye irin wannan kaya. "Sey o dilla", sai ya tafi, umarni. "Sey o dilli", sai ya tafi, labari. Duba ma, a rubuce Hausa ba ta raba biyun ba in mutum ɗaya ne namiji, sai a karin murya, shi kuwa ya raba su ƙuru-ƙuru. Kuma bai zubar da nasa ba: "tan" tana nan tana aikin kawai, "haa" tana aikin har. Harshen da ya ari kalma ya ɗora ta kan ƙa'idarsa, ya raba mata aiki da 'yan gida, ba lalatacce ba ne, lafiyarsa ƙalau.

Je gidan makoki a Marwa ka ji abin da ake ce wa mai rashi: "sey munyal". Munyal, haƙuri da juriya, yana cikin ginshiƙan pulaaku, abin da Bafulatani ke auna kansa da shi. Kalmar da ta isa ta tsaya gaban munyal a ranar mutuwa, wace takardar zama 'yar ƙasa kuma ake nema a wurinta?

Cewa daga Hausa ta shigo, wannan ba abin musu ba ne, taswira ma ta nuna. Fulanin Senegal da Gini, da ba su zauna da Hausawa ba, "haa jaŋngo" suke cewa, togaciya kuma su yi ta da "so wonaa" ko "si wonaa", wato irin "in ba wane ba" ɗinmu. Ana tunkarar ƙasar Hausa "sey" take bayyana, ta zo ta yi kauri a Adamawa. Hanyar da ta biyo ma sananniya ce. Wajajen 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1841 ya kafa Yola, masarautun Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo suka kasance cikin Fombina, wato daular Adamawa, Fombina kuma tana kallon Sakkwato. Fatake Hausawa suka biyo baya da tufafi, suna komawa da hauren giwa da goro, da bayi ma, tunda gaskiya ba ta son a rage ta. Mahauta da marina da wanzamai da makaɗan fada suka zo suka zauna. Har yau a fadar lamiɗo za ka ji Sarki Yaayi da Sarki Saanu, sarkin yaƙi da sarkin shanu ke nan, zaune kusa da Galdima da Kaygama waɗanda Borno ta ba da sunayensu. Fulani ne masu shanu, amma mai kula da harkar shanu a fada da sarautar Hausa ake kiransa, kuma ba a taɓa jin saniya ta ƙi kiwo saboda haka ba.

Wani malami ya taɓa ce mini ai daga Larabci take, "siwa", wanin abu. Na ce, Allah gafarta Malam, to me ya hana Larabawa yin sallama da ita? "Siwa" ba ta shiga gaban aikatau ta ba da umarni, ba ta jan labari. Abin da Hausa ta aro daga Larabci a wannan fanni bai ɓoye kamanninsa ba: illa, hatta, amma. Ita amma ma labarinta abin dubawa ne. "Amma ba'adu" da liman ke faɗi a huɗuba ba saɓani take nunawa ba, shiga magana ce, kamar a ce "to, game da abin da ke biye". Mu da Fulani da Barebari da Turkawa muka mai da ita kalmar saɓani, kuma ba wanda ya ce a mayar wa Larabawa kayansu don an sauya masa aiki. "Har" kuwa, Buzaye suna da ita da wannan siffa da wannan ma'ana, masana da dama kuma daga wajensu suke ganin ta zo mana, tare da raƙumi da takobi.

Akwai masu jin "sey" su ce ai "c'est" ce ta Faransanci. Wannan ruɗin kunne ne. Garwa ba ta fita hannun Jamusawa ba sai 1915, kalmar kuwa ta daɗe a bakin mutanen kogin Binuwai kafin nan. Gajeriyar kalma ba ta rasa sa'a a duniya, don sautukan bakin ɗan Adam ba su da yawa. A Italiyanci "sai" tana nufin ka sani, a harshen Biyetnam kuskure, a Japananci da ita ake ƙirga shekarun mutum, kuma babu wadda ta haɗa hanya da tamu. A zaɓen Nijeriya na 2015, lokacin da "Sai Baba" ta cika tituna har muna jiyo ta a rediyo a nan, wanda ya rubuta kalmomin biyu a intanet yakan ci karo da hoton wani tsoho da Indiyawa ke girmamawa, Sai Baba na garin Shirdi, wanda ya rasu tun 1918. Mutanen kudancin Nijeriya da yawa kuma sun ɗauka jinjina ce irin ta "ranka ya daɗe", alhali tsohuwar togaciyar nan ce da aka yanke wa kai: ba mu son kowa sai wane.

Yanzu ga inda taƙamarmu ta Hausawa ke karyewa. Hau duwatsun Mandara, ko ka zaga ƙauyukan da ke tsakanin Mokolo da Marwa da Gidar, za ka ji "sey" ko "si" a bakin Mafa da Mofu da Giziga da mutanen Hina. Harsunan nan dangin Hausa ne na jini, duk 'yan gidan Cadi. Amma ba gado suka ci ba, kuma yawancinsu ba daga bakinmu suka ji ta ba. Fillanci ne ya kai musu, don shi ne harshen kasuwa da fada da tasha a wannan yanki. Kalmar tamu ta isa wurin 'yan'uwanmu ne a bakin wanda muke yi wa gorin aro.

Dabarar kanta ma ba mu kaɗai ke da ita ba. Zabarmawa suna da "kala", su ce "kala suba", sai gobe. Bambarawan Mali suna da "fo". Kowace tana togaciya, tana kai iyaka, tana sa dole. Ba su ari sautin a wurinmu ba, amma sun tara ma'anonin nan a kalma ɗaya yadda muka tara.

Ƙetara gadar Ngeli daga Kusiri ka shiga Njamena, ka ga inda ƙarfinta ya ƙare. Hausawa sun daɗe a can, da yawansu jikokin maniyyatan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka ne, suka yada zango ba su ɗaga ba. Amma harshen kasuwa Larabcin Cadi ne, shi kuma yana da "illa" da "bas" da "lahaddi", bai rasa abin da "sai" za ta ba shi ba. Larabawan Shuwa na Borno kuwa, da ke kwana su tashi cikin Barebari da Hausawa, sun ɗauke ta. Ashe ba darajar harshe ke sa a ari kalmarsa ba. Da wa kake ciniki kullum, ita ce magana.

Abin da ya fi ciwo shi ne na cikin gida. A Marwa da Garwa akwai gidaje da yawa da ake kira na Hausawa, kakan kaka ya zo daga Kano ko Katsina ko Zariya, amma yau Fillanci ake yi a tsakar gida, Faransanci a makaranta, Hausa kuwa sai gaisuwa da fim ɗin Kano. Jikan yana cewa "sey" daga safe har dare, bai iya haɗa jimla uku da Hausa ba. A kudu kuma, a Biriketeri ta Yawunde ko New Bell ta Duwala, duk Musulmin da ya sa doguwar riga Bahaushe ne ko da bai san "zo" ba. Suna ya yaɗu, kalma ta yaɗu, harshen kuwa yana janyewa daga ɗakunan iyaye mata. Mai wannan matsala ba shi da lokacin ƙirga wa maƙwabci bashin kalmomi. In ma aka buɗe littafin bashin, mu ba za mu ji daɗi ba: baffa da kawu da goggo da kindirmo da burtali na Fulani ne, kasuwa da birni da Galadima da Ciroma ta Borno suka biyo. Bahaushen da zai mayar da duk abin da ya ara, ko ɗan'uwan uwarsa ba zai san yadda zai kira ba.

Na juyo kan samarin masu sokewa. Ƙanen wani abokina, malamin makaranta ne mai himma, ya shirya 'yan takardun koyon karatu da Fillanci don ajin manya da yake yi da yamma a unguwarsu. Ya bi rubutun da jan biro, duk inda "sey" take ya soke, ya sa "so wonaa" ko "haa". Da ya gama ya je ya karanta wa mahaifiyarsa. Tana zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ɗago ba sai da ya kai ƙarshen shafi. Ta ce masa da Fillanci, "Mutumin ina ne ya rubuta wannan? Baƙo ne?" Ya ce, "Daada, ni ne. Kalmomin Hausa na cire." Ta ce, "To ka mayar. Ni uwata ba ta jin Hausa ko kaɗan, kuma sey take cewa." Ta ci gaba da tsintarta.

Ban ce ba su da abin faɗi ba. Fulani sun bazu daga Senegal har Sudan, son a sami rubutun da kowa zai iya karantawa ba laifi ba ne. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ma abin da ya nema ke nan, ya daidaita haruffan Fillanci da Hausa da Barbarci da wasu, shi ya sa ɓ da ɗ ɗinmu da nasu iri ɗaya ne. Gaskiya ne kuma Fillancin kasuwa, wanda ake yi wa laƙabi da bilkiire, yana zubar da abubuwa masu nauyi: rukunonin suna, da sauyin baƙin farko irin wanda ke mai da Pullo ya zama Fulɓe, debbo ta zama rewɓe. Mai son yi wa harshe hidima, ga aiki nan jingim. Amma daidaita haruffa dabam, shafe karin harshen mutane dabam. Yaron Marwa da aka ce masa kalmar da uwarsa ke yi masa sallama da ita kuskure ce, abin da zai koya shi ne harshen gidan ma yana da wani na makaranta da ba nasa ba. Wannan darasi kuwa Faransanci ya riga ya koya masa, ba sai an ƙara ba.

Doka dai ba ta hana mu komai ba. Tsarin mulkin 18 ga Janairun 1996 ya ce Faransanci da Ingilishi ne harsunan hukuma, amma ya ɗora wa ƙasa kare harsunan gida da ciyar da su gaba. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ta sake jaddadawa. Akwai haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru tun 1979, akwai Jami'ar Marwa tun 2008 da babbar makarantar horar da malamai a cikinta. A ƙasa mai harsuna fiye da 200, aji ɗaya na firamare a Marwa yana iya haɗa ɗan Giziga da ɗan Mofu da ɗan Tupuri da Bafulatani da Babarbare da Bahaushe. Malami yana neman abin da kusan duk suka sani ya ɗora darasi a kai, ga shi kuwa a bakinsu. Aikin da "sey" ke yi ita kaɗai, Faransanci sai ya tara "sauf" da "seulement" da "jusqu'à" da "alors" da "il faut que", ya ƙara da "à" ta "à demain". Yaro yana haddace su ɗaya-ɗaya, yana cakuɗa su a jarrabawa, ana jan kunnensa, ba wanda ya taɓa ce masa duk waɗannan "sey" ɗinka ce aka rarraba. Darasin awa ɗaya ne, amma malamin da ke ganin kalmar datti ce ba zai taɓa tunanin yin sa ba.

Ɓarnar da na ce tana wani wuri, ga ta. Saurari sanarwar da ake fassarowa daga Faransanci zuwa Hausa, a rediyo ko a lasifikar asibiti. Kalmomin duk na Hausa ne, mai jan biro ba zai sami abin sokewa ba, amma ginin na Faransanci ne. "Ya zama wajibi ga kowane mutum ya gabatar da katinsa kafin samun damar shiga." Bahaushe cewa zai yi, ba shiga sai da kati. Likitoci suna son a ba jariri nono zalla a wata 6 na farko, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce. Na ji an fassara wannan da "keɓantacciyar shayarwa" a wani ɗakin awo, mata suna zaune kan benci da goyo suna kallon juna. Wata tsohuwar ungozoma da ke gefe ta gyara mayafi ta ce, "'Yan nan, abin da ake gaya muku, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo, sai nono, har ya yi wata shida." Ga "sai" ga "har" a jimla ɗaya, kowace a mazauninta, kuma ba wadda ta sake tambaya. Haka maganin da ake so a shanye: "kada ki daina sai ya ƙare" ba ɗaya take da "ki sha har ki ji sauƙi" ba, kuma tsakanin jimlolin nan biyu ne cuta ke samun hanyar dawowa.

Mutanen Kano kan yi mana dariya don muna cewa lekol da lopital da kamiyo, su da ke cewa asibiti da tebur da fensir suna ganin daga kakanni suka gada. Wannan bai dame ni ba, kowa da Baturen da ya mulke shi. Ranar da ɗan Garwa ya daina bambanta "sai sun zo" da "sai suka zo", ranar ce Hausarsa ta tafi, ko da bai taɓa furta kalmar Faransanci ba.

Saura maganar rubutu. A waya yara suna rubuta "se", da "say", da "sé" mai tsini a ka irin na Faransanci, wasu ma harafin c kaɗai suke dannawa, tunda haka ake kiransa a lekol. A Hausa ƙa'ida ta zaunar da "sai", ko da yake a saurin magana "se" ake ji, to a bar ta haka don littafin Garwa ya karantu a Damagaram da Zariya. A Fillanci "sey" ce, haka ake furtawa, kada wani Bahaushe ya zo ya ce a mai da ita "sai" don a ga asalinta. Mai shirya littafin Mofu ko Mafa kuma ya je ya saurari tsofaffin garinsu, "si" suke cewa ko "sey", ya rubuta abin da ya ji, ya sa ta a shafin farko inda ake koyon gaisuwa.